Masu Yi wa Yara Zane: Daga Allon Zayyana zuwa Littafi Mai Hoto a Ƙasar Gadarif

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro ɗan shekara biyar ko shida sa'ad da aka miƙa masa littafi, ya san cewa yaron ba ya fara neman baƙi ko wasali, sai dai ya yi ta buɗe warƙa bayan warƙa har idonsa ya faɗa kan hoto, sa'an nan ya tsaya, ya ɗora yatsa, ya tambaya ko wane ne wannan. Saboda haka mutumin da ya ɗauki alƙalami da niyyar yi wa ƙananan yara talifi ya ɗauki sana'a biyu ke nan a hannu guda, ta magana da ta zane, kowacce kuwa da irin tata wahalar wadda babba ba ya lura da ita. Nufina a wannan maƙala in bi tarihin wannan sana'a da yadda ma'abotanta suke wuni a kanta, amma in tsaya ina dubanta daga wuri ɗaya, watau Gadarif ta gabashin Sudan, gama a can akwai 'ya'yan Hausawa masu yawa waɗanda al'adar allo ta kakanninsu, da aikin mawallafan Zariya, da na mawallafan Hartum, duka suka gitta ta kusa da ƙofar gidajensu, ko da yake ba duka ne suka yi sallama suka shiga ba.

Gadarif gari ne da yake zaune a tsakiyar wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta baƙar laka, wadda da damina takan riƙe ƙafar mutum da ta raƙumi, da rani kuwa ta dare har hannu ya shige. A zamanin mulkin Turkawa an fi saninsa da Suƙ Abu Sin, watau kasuwar gidan Abu Sin, shugabannin Larabawan Shukuriyya masu kiwon raƙuma a saurar Butana. Mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasa suke kira Takari ko Fallata ba tare da sun damu da rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba, sun riga Turawa sanin wannan yanki da nisa, domin hanyar Hajji ta ƙasa ta wannan nahiya take bi zuwa bakin Bahar Maliya, kuma tun ƙarni na 18 suna da mazauni a Gallabat, kan iyakar Habasha. Amma babbar kwararowarsu ta zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'ar da ta saura, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906, suka kafa garin da har yanzu ake kira da laƙabinsa. Bayan haka sai abubuwa suka yi ta jawo mutane gabas: noman auduga na Jazira ya kankama a 1925, jirgin ƙasa ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1940 gwamnati ta soma noman dawa da inji a Gadambaliya, yamma da garin. Inji yana iya yin huɗa da shuka, amma yankan riɗi sai hannu, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, in aka yi jinkirin 'yan kwanaki sai ya fashe ya zube. Ta haka maniyyaci da ya sauka da niyyar yin kaka ɗaya ya sami guzuri, sai ya wayi gari ya shekara ashirin, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, alhali a zuciyarsa har yanzu shi matafiyi ne mai nufin Makka.

To, jama'ar da ta bar ƙasarta saboda addini, abin da take fara kafawa bayan masallaci shi ne makarantar allo, kuma a nan ne tarihin da muke bi ya soma. Hausawa sun tarar da 'yan ƙasa da tasu makarantar, wadda suke kira halwa, malaminta faki, almajiransa hiran, wutar da ake hurawa da dare ana karatu a gefenta kuwa tugaba. Sun tarar kuma ana dafa balila ran Laraba a yi sadaka, kamar yadda su suka saba da kuɗin Laraba. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne na ruwaya da na hannu, domin yawancin mutanen Nilu da ruwayar Duri suke karatu, Hausawa kuwa sun zo da Warshu da kaurin rubutun nan nasu mai asali daga Magrib. In ban da wannan, allo ɗaya ne, tawada ɗaya ce: kunkunniyar gindin tukunya a kwaɓa da ƙaro da ruwa, ƙaro kuwa ƙasar Gadarif ba ta rasa shi ba, tun da tana cikin wuraren da ake tsaga itatuwa ana fitar da shi zuwa ƙasashen waje.

Wanda ya ce yaron makarantar allo bai san hoto ba, lalle bai yi tadabburin yadda ake koya masa babbaƙu ba. Malamanmu na da, da suka ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta riƙe abin da ba shi da siffa, sai suka ba haruffa sunaye masu kama da lakabin mutane: ga ba guje, ga ha kuri, ga mim jaye, ga lam ara, ga ɗa mai hannu, har ya zama kolo yana duban allonsa kamar mai duban taron da ya san kowa a ciki da kamanninsa. Wannan hikima ce ta mai talifin yara tsantsa, ko da yake ba a rubuta sunan wanda ya ƙago ta a bangon kowane littafi ba. Amma inda zane ya bayyana sosai shi ne a zayyana, wadda mutanen Sudan suke kira sharafa, kuma su sun fi mu yawaita ta, gama a wurinsu yaro yakan sami allo mai ado a matakai da dama na karatunsa, kamar Amma da Tabaraka da Yasin, mu kuwa mun fi ajiye ta sai ranar sauka.

Mai zayyana galibi gardi ne daga cikin manyan almajirai, wanda aka shaida da kyan hannu da natsuwa, kuma aikinsa yana da tartibi wanda ba a ƙetare shi. Yakan fara da wanke allon ya shafe fuskarsa da farar ƙasa, ya jingine shi a inuwa ya bushe. Kafin nan ya fiƙe alƙaluma iri-iri, mai kauri domin iyakoki, mai tsini domin cikon ƙananan gidaje, ya jera kurtunan launi, ja da rawaya da kore, kowanne da nasa alƙalamin don kada su gauraya. Sa'an nan ya ja layukan gefe, ya raba fili, ya keɓe tsakiya inda ayoyi za su zauna, ya soma gina dara-daran murabba'ai da kusurwoyi da da'irori a kewaye, wani lokaci ya ɗora siffar ƙubba ko hasumiya a sama. Kuma duk wannan yana yinsa ne a tsakanin darasinsa na safe da na yamma, allo a kan cinya, yara sun yi masa zobe suna kallo, yana korar ƙuda da hannu guda yana tsare tawadar da ba ta bushe ba daga ƙura. Kuskure ɗaya a ƙirgar gidaje yana iya sa gefen dama ya ƙi haɗuwa da na hagu, sai a wanke a koma farko. Ladansa abin da iyayen yaro suka sawwaƙa ne, kuɗi ko hatsi ko tufa, tare da rabonsa na walima. Amma babban sakamakonsa shi ne ranar da yaron zai fito da sababbin kaya, ya rungumi allon, ya bi gidajen dangi ana karɓa ana dubawa ana sa masa albarka ana ba shi kyauta. Ni a ganina wannan gardi shi ne farkon mai yi wa yaro littafi mai hoto a ƙasashenmu, littafi mai warƙa ɗaya, wanda aka yi wa yaro ɗaya da aka san sunansa da na mahaifinsa, kuma ba na jin akwai mawallafin da maɗaba'a ta taɓa ba shi irin wannan kusanci da mai karatunsa. Ba banza ba ne manyan masu zanen Sudan na zamani, irin su Ibrahim Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930 a gidan malami mai koyar da Alƙur'ani, suka koma ga siffofin sharafa da na haruffa bayan sun gama koyon zanen Turai.

Sai dai akwai abin da mai zayyana ba ya yi, watau surar abu mai rai, kuma dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu. Mazhabar Malikiyya, wadda Hausa da Sudan suka yi tarayya a cikinta, ta tsananta a kan sura mai jiki wadda take da inuwa, ta sassauta a kan wadda aka shimfiɗa a takarda ko tufa, ta kuma yi rangwame ga 'yar tsanar da 'yan mata suke wasa da ita domin su koyi reno. Amma jama'a sukan ɗauki abin da ya fi tsentseni, saboda haka aka yi ƙarnuka hannun masu alƙalami yana ƙwarewa a ado da lissafin siffofi, bai koyi fitar da fuskar mutum ko gudun doki ba. Surar Gizo da Ƙoƙi, da ta Fatima Samha ta tatsuniyoyin Larabawan Sudan, a bakin kaka take da dare, yaro ne yake zana ta a zuciyarsa. Wannan ne ya sa, sa'ad da zamanin ɗab'i ya zo, aka sami masu iya tsara labari nan da nan a ƙasashen biyu, amma aka jima ana aron hannun baƙo wajen hoto.

A ƙasar Hausa aikin ya tattaru ne a Zariya, inda Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta yi gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 25, aka zaunar da shi Zariya wajen wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, yana karantawa yana juyawa yana sake ƙerawa har labarin Bagadaza ya koma kamar a bayan ganuwar Katsina ya faru, East kuwa yana bin rubutun yana tattaunawa da shi a kan tsari da daidaita ƙa'ida. Daga wannan zama ne Magana Jari Ce ya fito cikin mujalladi uku, daga 1937 zuwa 1939. Hotunan da ke ciki, na aku da sarakuna da fadawa, waɗanda suka zauna a idon dubban 'yan makaranta har tsufansu, Jacqueline de Naeyer ce ta zana su, wata 'yar ƙasar Beljiyam wadda daga baya East ya aura. Kamfanin Gaskiya ya biyo a 1945, hukumar NORLA a shekarun 1950, aka yi ta fitar da ƙananan littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Wannan duka da harshen yaron Gadarif aka yi shi, amma da haruffan boko waɗanda ba su ne ake koyarwa a inda yake ba, kuma tsakaninsa da Zariya akwai Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan.

Abin da ya fi kusa da shi shi ne aikin da aka yi a Bahtar Ruda, wata makarantar horon malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, a bakin Farin Nilu, ƙarƙashin wani Bature mai suna Griffiths. Kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a wurin ne aka mayar da rubuta wa yara ya zama aikin yini da ƙa'ida. Da gangan aka gina ta a ƙauye, da ɗakunan ƙasa, nesa da Hartum, don kada malamin da za a tura karkara ya saba da abin da ba zai samu a can ba. A cikinta akwai makarantar elementare ta gwaji, kuma ƙa'idar ita ce ba a buga darasi sai an gwada shi a kan yara na gaske: mawallafi ya rubuta, wani malami dabam ya shiga aji ya koyar da abin kamar yadda aka rubuta, shi kuwa mawallafin ya zauna a baya da takarda yana lura da inda idon yara ya bar malami, da kalmar da suka yi tuntuɓe a kanta, da hoton da suka fassara saɓanin abin da aka nufa, in an tashi a zauna a yi muhawara, ya koma ya gyara, a sake gwadawa, sa'an nan a aika wa waɗansu makarantun nesa su ma su gwada su maido da ra'ayi, har littafi ƙarami ya ci shekaru kafin ya ga maɗaba'a. Wanda bai taɓa yi ba zai ce wannan ɓata lokaci ne a kan abin da bai wuce warƙa talatin ba. Amma babba in bai gane jimla ba yakan zargi kansa ya sake karantawa, yaro kuwa in bai gane ba sai ya juya ya kalli taga, kuma ba shi da kunyar da za ta sa ya ɓoye maka.

Mafi shahara daga abin da wannan makaranta ta fitar shi ne littafin labarin ƙasa na aji uku, Subul Kasbil Aishi fis Sudan, watau hanyoyin neman abinci a Sudan, wanda aka gama a farkon shekarun 1940, kuma cikin waɗanda suka yi aikinsa akwai Abdurrahman Ali Ɗaha, wanda ya zama ministan ilmi na farko ɗan ƙasa a 1948, da Makki Abbas. Maimakon su zauna a ofis su jera sunayen koguna da duwatsu, sai suka zaɓi wurare tara masu bambancin rayuwa, suka tafi da ƙafarsu, a jirgin ƙasa da jirgin ruwa da babbar mota da bayan raƙumi, suka sauka a gidan wani yaro na gaske a kowane wuri, suka ci abin da gidan yake ci, suka rubuta yadda ake samun ruwa da yadda ake gina ɗaki da abin da yaro yake yi daga asuba zuwa kwanciya, suka komo da zane-zane da samfurin kayan aiki. Akwai yaron Gulid mai dabino da ban ruwa a arewa, akwai na Babanusa mai bin shanu, akwai na Yambiyo can kudu mai cin rogo, akwai na Muhammad Ƙol a bakin teku, akwai na Wad Sulfab cikin audugar Jazira, akwai na Atbara garin reluwe. Ɗaya daga cikinsu kuwa a Rira yake, cikin saurar Butana arewa da Gadarif, ɗan Shukuriyya mai shan nonon raƙumi, wanda gidansu yake tashi ya bi ruwa da ciyawa. A aji, malami yakan sa yara su yi kamar sun yi shiri sun hau, su bi taswira zango zango, su isa su yi sallama, a nuna musu hoton abokinsu da gidansa. Abdurrahman Ali Ɗaha kuma ya tsara tafiyar cikin waƙa wadda tsofaffin 'yan makarantar Sudan suke rerawa har yau. Sashen zane na makarantar yana hannun wani Bature ne, Greenlaw, wanda ya yi wa littattafanta hotuna da yawa, daga baya ya kafa makarantar koyon zane a Kwalejin Gordon. Haka nan tatsuniyoyin da wani malamin makarantar, Shaihu Abdullahi Ɗayyib, ya tattara, matarsa Griselda, 'yar Ingila, ita ta yi musu hotuna. Mai karatu zai ga yadda al'amarin ya yi kama da na Zariya, har kamar an haɗa baki.

Hannun 'yan ƙasa ya karɓi alƙalamin hoto ne ta hanyar mujalla. A 1946 aka buɗe ofishin wallafa a Hartum, Maktabun Nashri, a matsayin reshen aikin Bahtar Ruda, ya soma fitar da mujallar yara mai suna Sibyan, wadda take cikin na farko-farko a ƙasashen Larabawa, Awad Sati yana shugabantarta; ana rarraba ta ta hanyar makarantu, saboda haka duk garin da jirgi ko motar wasiƙu take zuwa, har da Gadarif, yara sun san ranar isowarta. Aikin mujalla ya saɓa da na littafi, domin ba ya ba mutum shekaru: dole labari ya shiga cikin 'yan gidajen hoto da aka ƙayyade, a jera su daga dama zuwa hagu yadda idon mai karatun Larabci yake tafiya, a fara da fensir, a bi da baƙar tawada da layi mai tsabta wanda injin ɗab'i zai iya ɗauka, a bar wa mai kyan rubutu fili ya sa maganar kowa da hannu, a kuma tuna cewa kowane launi da aka ƙara kuɗi ne da wani zagaye a inji. Wanda sunansa ya fi manne wa wannan aiki shi ne Sharhabil Ahmad, haifaffen Umdurman a 1935, wanda ya shiga ofishin a 1960 bayan ya gama kwalejin zane, ya yi shekaru masu yawa yana zana Ammak Tango, watau Baffanka Tango, wani dattijo mai yawan faɗawa cikin rigima wanda yara suke fara nema kafin su duba sauran shafuka. Abin sha'awa, wannan mutum da yake wuni a kan tebur yana fitar da fuskar Tango, da dare shi ne yake ɗaukar jita ya hau dandamali, har aka yi masa laƙabi da sarkin kiɗan jaz na Sudan. Ina jin kuwa sana'o'in biyu ba su yi nisa da juna ba, tun da duka biyu aikin auna lokaci ne, a san inda za a tsaya a bar mai sauraro ko mai kallo ya yi dariya.

Yanzu sai mu koma ga yaron da muka baro a Gadarif. Cikin abokai tara na littafin nan babu ɗan Takari ko ɗaya, alhali a lokacin da ake rubuta shi hannun iyayensu yana cikin tsinkar audugar Jazira, kuma ba da jimawa ba ya shiga yankan riɗin Gadarif. Ba na ɗora wa mawallafan mugun nufi, gama mutanen da suka ɗauki wahalar zuwa Yambiyo domin su nuna wa ɗan arewa cewa ɗan kudu ɗan'uwansa ne ba za a ce ba su da faɗin zuciya ba; abin da ya faru shi ne a lissafin wannan zamani Takari baƙo ne mai wucewa, kuma doka ta zo ta ƙarfafa wannan zato, domin dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 da ta bi sawunta, sun nemi mutum ya tabbatar da zaman kakanninsa a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar jikokin mutanen Burmi a waje. Su ma iyayen suna da nasu rabon a cikin al'amarin, dole a faɗa: mutanen da suka guje wa Nasara daga Sakkwato ba su yi ɗokin miƙa 'ya'yansu ga makarantar da Nasara ya kafa a Sudan ba, kuma wanda yake ganin kansa a kan hanya ba ya damuwa da littafin da yake koya wa yaro ƙasar da yake ciki. Wani masani, Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan Hausawan Sudan, ya siffanta su da alhazan dindindin, waɗanda ko a tsara ta uku da ta huɗu suna kiran kansu matafiya. Sakamakon haka shi ne yaron da ya shiga makarantar gwamnati ya tarar da littafi mai kyau, wanda aka gwada aka gyara, amma da harshen da ba shi uwarsa take yi masa tatsuniya ba, kuma ya ziyarci gidaje tara bai ga mai kama da nasu ba. Wannan abu yana yi mini zafi, domin na san abin da yake nufi ga yaro ya ɗora yatsa a kan hoto ya ce wannan irin gidanmu ne.

Abin da ya ƙara mini jin zafin shi ne ƙasashen biyu ba su jahilci juna ba a wajen ilmi. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya ziyarci makarantun Sudan kafin ya buɗe ta Nasarawa a Kano a 1909. Malamai daga Sudan ne suka zo koyarwa a makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934. A tsakiyar shekarun 1950 aka tura ɗalibai daga Arewa zuwa Bahtar Ruda ɗin kanta, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi da Malam Haliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Shaihu Abdullahi Ɗayyib kuma, wanda ya koyar a Bahtar Ruda, ya zo Kano a shekarun 1960 ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero. Malamai suna ta kai da kawowa ta sama da ta ƙasa, amma zirga-zirgar ta manya ce, a kan nahawu da fiƙihu da usulin koyarwa, ta bi ta kan ƙauyukan Hausawan da ke bakin kogin Rahad da na Atbara ba ta sauka ba.

Wanda zai yi wa wannan yaro littafi, ba shi da wata hanya sai wadda mutanen Bahtar Ruda suka bi zuwa Rira, ya haɗa da natsuwar gardin nan mai allo a cinya. Sai ya je ya sauka a gida, ya ga yadda ake ɗaure dammunan riɗi a jingine su tsaye su bushe, da yadda ake shanya kifi, da siffar ɗakin ciyawa mai tsinin kai da mutanen Gadarif suke kira guɗɗiyya, don kada ya zana soron Kano a inda babu shi. Sai ya kasa kunne ga Hausar yaran, wadda ta riƙe waɗansu kalmomin da Kano ta manta, ta kuma ɗauki na Larabci a wajen ƙirga da kasuwa da makaranta, ya san wadda zai bari da wadda zai fassara. Mas'alar da za ta fi ba shi wuya ita ce ta haruffa, domin yaron da ya fara da allo ya wuce makarantar Larabci ajami ne ya fi kusa da idonsa, littattafan Hausa kuwa da boko ake buga su, kuma duk wanda ya zaɓa ya rufe wa waɗansu ƙofa. Mai yiwuwa sai ya jera biyun a warƙa ɗaya, hoto a tsakiya inda ayoyi suke zama a allon sauka, ajami ta dama, boko ta hagu. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, makarantun Gadarif da yawa suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Hartum da Wad Madani, karatun aji ya tsaya na tsawon lokaci. Tafiyar da ke tsakanin Rira da ƙauyukan bakin Rahad ba ta kai rubu'in wadda mawallafan farko suka yi daga Duwaim zuwa Yambiyo ba.